Garin da Muka Zuba wa Baba a Koko

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sabo, tsohon nas mazaunin unguwar Gyaɗi-Gyaɗi. Allah ya jiƙansa.

Duk tsawon aikinsa, Baba bai taɓa ba mara lafiya magani ba sai ya faɗa masa sunansa da amfaninsa. Mu ma a gida, ko na ciwon kai ne, sai ya sa tabarau ya karanta mana kwalin.

Da mantuwa ta kama shi, har yakan fita masallaci a tsinto shi can unguwar Daurawa, ƙanena Nura ya kawo wata roba cike da farin gari. Ya ce kiriyatin ne, wanda masu ɗaga ƙarfe ke sha, kuma ya gani a waya yana gyara ƙwaƙwalwar tsofaffi. Mun san Baba zai nemi bayani, sai muka riƙa zuba masa a koko a ɓoye. Ni nake damawa.

Wata safiya hankalinsa ya dawo. Ya kurɓa, ya ji gari-gari a harshe, ya dube ni.

"Binta, me kika sa mini?"

Na ce madara ce. Ya daɗe yana kallona, sannan ya shanye. Bai ƙara tambayata ba har ya bar duniya.

Ban ce garin ne ya cuce shi ba. Likita ya gaya mana ana kan bincikensa, wataƙila yana ɗan taimaka wa tunanin wasu tsofaffi, amma ba ya warkar da ciwo irin na Baba.

Makon jiya na ga hoton Baba yana yawo a waya. Nura ya buɗe shago a Tarauni yana sayar da garin, ya rubuta a ƙasan hoton wai tsoho ya dawo yana gane jikokinsa. Alhali Baba ya rasu ne yana kirana da sunan yayarsa. Na kira Nura, ya ce ai talla ce kawai, Yaya, kowa haka yake yi. Ban ajiye wayar ba sai da ya goge hoton, amma ban iya yi masa wa'azi ba, don na san wanda ya fara yi wa Baba ƙarya.

Da yana raye, na san robar zai ɗaga ya tambayi wa ya gwada, kuma a kan wa.

Yanzu mantuwar ta fara taɓa Inna, mahaifiyarmu. Kowace safiya nakan ɗaga kwalin maganinta in karanta mata sunansa da amfaninsa. Wani lokaci takan yi dariya ta ce na zama Malam. Wani lokaci ba ta san ko wace ce ni ba. Ko a irin wannan ranar ma ina karanta mata.