Lamba Arba'in

Sati uku ke nan saƙo bai shiga wayar Malam Sule ba, tumatirinsa har ya fara yaushi.

Mu arba'in ne a ƙungiyar manoman ranin unguwarmu a Zurgu, injin ban ruwa ɗaya muke karɓa-karɓa. Sakatarenmu Nasiru, da ya koyo aikin kwamfuta a Kano, ya haɗa manhajar da ke turo wa kowa ranarsa. Kowa na samu, ban da lamba arba'in, wato Malam Sule, wanda suke rigimar iyakar gona da baban Nasiru.

Ban yi boko mai nisa ba, amma ina da ido. Na sami Nasiru a shagonsa.

"Nasiru, me dattijon nan ya yi wa kwamfutarka?"

"Wallahi Yaya ba ni ba ne. Abin ƙirgan da ya zo da yaren kwamfutar da na rubuta manhajar da shi, range sunansa, in ka ce ɗaya zuwa arba'in, a talatin da tara yake tsayawa."

A gabana ya ƙara masa wani ɗan umarni nasa, ya sa masa suna har_da, domin ya riƙa haɗawa da na ƙarshe. Ya gwada, arba'in ta fito.

Na ce, "Madalla. To wa ya raba mana lambobin tun farko?"

Sai ya hau goge gilashin kwamfutar da hannun riga.

Yau Malam Sule ya yi ban ruwa. Ku da kuka san aikin nan, ana manta wannan halin na range, ko dai an san inda ake ajiye mutum?