Takardar Kafin Allura

A ɗakin rigakafi, wata mai jego ta kasa ɗauke ido daga ma'aikaciyar jinya mai furfura, wadda hasken hantsi ke wasa a farar rigarta. Doka ce a ba kowa takardar bayani kafin allura. Ita kuwa karanta wa mutum take yi, a hankali kamar mai tatsuniya.

"Baba, jikanka zai iya yin zazzaɓi. Ka gane abin yi?"

Tsohon yana gyaɗa kai, takardar a juye a hannunsa.

"A'a, Baba. Maimaita mini."

Mai jego ta ƙara rungume jaririnta. Ranta ya ba ta cewa matar nan ma ta taɓa gyaɗa kai haka, da goyo a bayanta, ba wanda ya ce ta maimaita.