Ruwan Tumbi a Filas Ɗin Baba

Wata safiyar Asabar ce, a damunar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, na fito daga kwatar Agege a guje, rungume da filas ɗin shayin Baba a ƙirjina. Ba shayi ne a ciki ba. Ruwan tumbin wani bijimi ne da aka gama yankawa, kore-kore, mai ɗumi, mai warin da ke tayar wa mutum da zuciya. A gida kuwa Baba ya riga ya aika a kira mahauci, domin saniyarmu Gudale ta daina tuƙa, ya kuma ce idan aka yi azahar cikinta bai motsa ba, gara a sa mata wuƙa da ta zama mushe.

Gudale ce kaɗai gadon da Baba ya samu lokacin da kakanmu ya rasu a ƙauye. Kowa ya ce ya sayar, don mai dakon albasa a kasuwar Mile 12 ba shi da abin yi da saniya a Legas. Baba ya yi kunnen uwar shegu, ya roƙi wani direban tirela ya sako ta cikin shanun kasuwa. Aka ɗaure ta a kangon bayan gidanmu, kusa da layin dogo. Ni ce mai yi mata hidima. Da an tashi daga makaranta sai in ɗauki buhu da lauje in bi gefen dogo ina yankan ciyawa, ƙawayena suna can suna wasan gaɗa. Ina yi ina ƙunƙuni, amma idan na dawo na tarar da ita kwance, ido a lumshe, tana juya muƙamuƙi a hankali, sai haushin ya tafi. Baba ma idan ya dawo a gajiye, wurinta yake fara zuwa. Yakan kara kunnensa a kuiɓinta na hagu ya saurari ƙugin cikin, wanda ni nake jinsa kamar jirgin ƙasa yana tahowa daga nesa. "Muddin nan yana magana, lafiya lau take," in ji shi.

Alheri ne ya kwantar da ita. Maƙwabciyarmu Iya Risi, mai sayar da burodi, ta ga ruwa ya jiƙa mata kaya, ta ce maimakon a zubar bari saniyar Malam ta more. Ta juye mata kwando guda ba ma gida, Gudale kuwa ta cinye tas. Washegari ta ƙi ciyawa, cikinta ya kumbura, ta sa zawo. Baba ya kara kunne ya ji shiru. Ban taɓa ganin fuskarsa ta faɗa irin ta ranar ba, kuma gaskiya na tsorata ƙwarai.

Yayar Baba, Goggo Asabe, sana'arta wankin tumbi a kwata, kuma ba ta iya magana a hankali ba. Da ta zo ta duba, ta sa aka ɗura wa Gudale ruwan kanwa, sannan ta dubi Baba. "Sale, mutanen cikinta ne suka mutu. Sai an aro mata na wata." Ba ta tambayi kowa ba ta sunkuci filas ɗinsa, wanda ko Inna ba ta isa ta taɓa ba, ta ja hannuna muka nufi kwata. Ana farka tumbin bijimin ta damƙo ciyawar ciki, ta matse a tsumma, ta cika filas ɗin har baki, ta toshe. "Ki ruga, Ladidi! Kada ya huce, kada iska ta shiga, abin nan da rai yake."

Na yi sawu a ranar har ƙafata ta yi ciwo, ina kutsawa tsakanin motocin danfo da 'yan okada. Duk zuwan da na yi, sai Baba ya ɗaga kan Gudale a ɗura mata da kwalba. Iya Risi na tsaye a gefe, hannu a ka, tana ba da haƙuri da Yarbanci. Mahaucin ya iso ya zauna a kan bulo yana wasa wuƙa. Da aka kira azahar Baba ya durƙusa a cikin caɓi, ya kara kunne, ya daɗe bai ɗago ba. Can ya yafito ni da hannu, na kara nawa. Wani ɗan ƙugi ne siriri, amma yana nan. Baba ya ba mahaucin goro ya sallame shi. Da gari ya waye muka tarar Gudale tana tuƙa.

Sai da na shiga sakandare na fahimci mutanen da Goggo take nufi. Ashe saniya ba ta iya narkar da ciyawa da kanta. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke zaune a tumbinta, suna fitar da sinadaran da ke warware zaren ciyawa mai tauri ya zama abinci. Burodin ya yi tsami a cikinta, tsamin ya kashe su. Ina jin haka na tuna Baba da abokan dakonsa, waɗanda ke sauke abincin garin nan tun asuba, masu ci kuwa ko fuskarsu ba su sani ba.

Gudale ta rayu har ta haihu. Filas ɗin dai bai ƙara komawa daidai ba. Inna ta wanke da toka, ta wanke da lemon tsami, amma shayin Baba ya ci gaba da ɗan bugawa, shi kuma ya ƙi sayen sabo. A makaranta an daɗe ana kirana "omo shaki", wato 'yar tumbi, har dambe na yi a kan sunan.

Yanzu an gina bene a kangon nan, gefen dogo kuma an katange shi, ba ciyawar da yaro zai yanka. Masu wankin tumbi sun ce leda suke yawan tararwa a cikin shanu. Baba da Goggo duk sun rasu, filas ɗin yana wajena, kuma 'ya'yana sun sha cewa in jefar. Wani lokaci nakan buɗe murfin in shinshina, ina neman warin nan da na tsana. Ya tafi, kuma shi nake kewa.