Jirgin da Baba Ya Zuba wa Ruwa

Tun da rashin zaman lafiya ya kore mu daga ƙauyenmu na bakin kogin Komadugu, gabas da Geskeru, hankalin mahaifina bai taɓa kwanciya a Diffa ba. Tsohon matuƙin jirgin ruwa ne. A gidana yake, amma kullum kamar mai jiran mota: ya zauna, ya tashi, ya leƙa ƙofa, ya dawo ya tambaye ni ko ruwa ya iso. Da kogi ya cika sai ya tada maganar komawa. Ni kuwa na san abin da ke can, na kuma rantse ba zan bar shi ya tafi ba. Mun sha faɗa a kan haka har maƙwabta suka gaji da ba mu haƙuri. Taurin kanmu ɗaya.

Wata abokiyar aikina a asibiti ce ta ba ni labarin wani tsohon mushen lakol, wato malamin makaranta, da ya ware ɗaki a bayan gidansa, ya tara kayan tsohuwar hanyar jirage. Da hannu mutane suka haƙa hanyar nan, suka sare ciyawa, don jirage su ratsa daga kogi zuwa tabki da tattasai, su dawo da banda da kanwa. Baba ya bi ta tun yana saurayi. Na ce a raina, in ya ga kayan ya taɓa su, ƙila kewar ta ragu, ni ma in huta.

Wata Asabar bayan la'asar muka tafi a ƙasa, shi da butarsa a hannu kamar kullum. Mushen mutumin wajen Maradi ne, Kirista, aiki ya kawo shi garin ya ƙi sakinsa. Ya tarbe mu da murna, ya buɗe ɗakin. Ga gorunan da masunta ke hawa, ga taru, ga gwangwalar tuƙi a jingine, ga hotunan da rana ta ƙoɗe. A tsakiya an ɗora wani ƙaramin jirgin katako bisa tubala. Zafin kwano ya busar da shi har katakan sun rabu, yatsa na iya shiga tsakaninsu.

Mushe yana ta bayani, ni ban ji ko rabi ba. Fuskar Baba nake kallo, ina jiran in ga ta saki. Shi ma ba saurare yake ba. Ya zagaya jirgin, ya shafa tsagar, ya sake zagayawa yana tsaki. Kafin in ankara ya karkata buta, yana bin tsagar da ruwa a hankali.

"Baba, don Allah!" in ji mushe, ya taho da gudu. "Zai ruɓe!"

"Mushe, ba a barin jirgi da ƙishi," in ji Baba. "A wurinmu ko ba a tuƙi, cikin ruwa yake zama, katako ya kumbura ya rufe bakinsa."

Kunya ta kama ni, har na fara ba da haƙuri. Mushe ya ɗaga mini hannu, ya sassauta murya.

"Na sani, Baba. Amma wannan ba zai ƙara shiga ruwa ba. In ya jiƙe, gara ce za ta cinye mini shi."

Ruwan bai ma tsaya ba. Ta tsagar ya zube ƙasa, ya kwanta bisa siminti. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaya, hanyar fa, yaya take yanzu? Mushe ya ce makiyayan da ke zuwa kasuwa sun gaya masa rairayi ya cike ta, itatuwan ƙaya sun tsiro a ciki, shanu ma na kwanciya a wurin. Baba ya ce har wajen da take karyawa ta yi arewa, inda gwangwala ba ta taɓa ƙasa? Mushe ya ce har can.

Ni na sha gaya masa haka, yana cewa ƙarya nake don in tsare shi. Wannan karon bai yi musu ba. Ya yi wa mushe godiya, muka fito.

A hanya ni ce bakina ya ƙi rufuwa. Na yi zancen tsadar tattasai, na yi zancen zafi, na nuna masa abin da bai tambaya ba. So nake ya tanka mini, ko da faɗa ne.

Sai da muka iso ƙofar gida ya tsaya, ya dubi gindin bango inda tsofaffin unguwa kan shimfiɗa tabarma.

"Ke, ki sa a kafa mini rumfa a nan," ya ce. "Mai ƙwari, wadda za ta daɗe."

Abin da na yi shekaru ina roƙo ke nan. Na ce to, Baba. Na shiga ɗaki na kasa zama, na fito tsakar gida na kasa tsayawa, kuka na neman ƙwace mini, ina jin sa a waje yana auna wurin da ƙafa.