Ranar da Aka Kai Ni Kallon Ƙwallon Guragu

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Habu, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa tuna shi kamar a watan jiya ba, ranar da likita ya buɗe ciwon da ke ƙwaurina, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wa Baffa, ƙanen mahaifinmu, su ɗan fita waje. A wajenmu ba a faɗa wa mara lafiya magana mai nauyi, babba ake ja gefe. Da suka dawo Baffa ya ce, "Ba komai, Hauwa, hoto za a ɗauka." Bai kalli idona ba.

Adaidaita sahu ne ya faɗi da mu a cikin Dutse. Ciwon ya ƙi warkewa, gefensa ya fara baƙi, kuma na san abin da ake yi wa irin wannan ƙafa.

Shi Yaya Habu shan inna ya kama shi tun muna Aujara. Da muka dawo Dutse ya shiga ƙwallon guragu, wadda ake yi a zaune kan katako mai tayoyi, a zura silifa a hannu ana tura ƙasa. Sau nawa ya ce in zo kallo, ban je ba ko sau ɗaya. A zatona ba wasa mutane ke zuwa gani ba, ƙafafunsu suke zuwa kallo. Da na faɗa masa sai ya yi dariya ya ce, "To su kalla mana, ai ba da su muke bugawa ba." Zazzaɓi ne ya ɗauke shi cikin kwana biyar.

Kwana biyu bayan hoton sai ga Malam Sabo, golan su Yaya Habu, ya yi sallama a kan kekensa na hannu. Wai za su yi wasa don tunawa da Habu, ana son danginsa su zo. Inna ta ce maza in shirya. Innar da ko maƙwabta ba ta barina shiga da wannan ƙafa! Nan take na ce a raina an gama magana, yankewa za a yi, so ake in ga yadda ake rayuwa babu ita.

Haka na zauna a bakin filin siminti ina karantar fuskoki. Duk wanda ya yi mini murmushi sai in ce shi ma ya sani. Amma wasan ya janye ni ban shirya ba. Gudun da suke yi har ƙarar tayoyi ke cika kunne. Wani ya banke Malam Sabo, katako ya kife, ya ɗago yana masifa: "Alƙali, mu dai ƙafa ce ba mu da ita, kai kuma ina idonka?" Fili ya ɗauki dariya, har da ni. Babu mai neman tausayi a cikinsu, ci suke nema.

Da aka tashi na tambayi Malam Sabo ko Baffa ne ya turo shi.

"Turo ni? Yarinya, duk shekara muke aikowa, ke ce ba kya zuwa."

Har yau ban gama yarda ba. Amma da Yaya yana nan, na san zai ce ina da ƙafa biyu na kasa zuwa inda ya kira ni, sai da tsoron rasa ɗaya ya kai ni. Bai bar gadon gida ko gona ba. Ya bar mutanen nan da ke cewa har yanzu ba su sami mai bugu da hagu irinsa ba, kuma a wajensu na fara tunanin cewa ko an yanke ba zan ƙare a ɗaka ba.

Ranar Litinin da hantsi likita ya ɗaga hoton wajen taga, ya ce ciwon bai taɓa ƙashi ba, wankewa za a yi. Na ce ya rantse.

"Ke Hauwa," in ji Baffa, "likita ne fa!"

Likitan ya ajiye hoton ya dube ni.

"Wallahi da ƙafarki za ki koma gida."