Baba Labbo da Wutar Inna Riskuwa

Duk wanda ya taɓa kwana a layinmu na Gwadangaji ya san Baba Labbo. Ana sallame asuba za ka gan shi da tsani, bokiti a hannu, tsumma a kafaɗa, yana bin kwanon gidaje yana wanke farantan sola. Mu samarin layi Manajan Nepa muke ce mishi, manajan da ke hawa kwano da silifas. Shi ya haɗa gidajen masu sola da waya guda, mai yawa ya tura wa mai kaɗan, wanda ba shi da ko faranti ɗaya ma ya samu ƙwan fitila da fanka.

Yanzu gwiwa ta ce ta gaji, Baba ya sauka daga kwano. Shi ya sa zan faɗi abin da munka gani da idonmu a malkar bara.

Ruwa ya kwana, ya wuni, ya sake kwana, rana ko leƙowa ba ta yi ba. Batura sunka fara kuka gida-gida. Inna Riskuwa kuwa, tsohuwar ƙarshen layi, tun da anka sallamo ta daga asibiti da inji take numfashi, injin kuma wutar layi yake ci. Hanya ta zama tafki, ko keke napep ba ya shigowa, balle a maida ta asibiti.

Da hantsi Baba ya fara da gidansa. Ya zare firizar matarsa Kulsumi tana tsaye tana kallo, ga zoɓon sayarwa cike. Sannan ya bi ƙofa-ƙofa, a kashe fanka, a kashe talabijin, a cire caji. Mu da caji ya fi mana tuwo, munka cire muna ƙunƙuni. Duk da haka fitilar akwatin rabon wuta ja take. Baba ya ce a haka injin ba zai kai la'asar ba.

Saura gida ɗaya, na Alhaji Dankure, mai baturan da sunka fi na kowa. Tun safe ya cire gidansa daga layi, don firizarsa maƙil take da giwan ruwa daga Argungu, na bikin ɗiyarsa jibi. Kuma tsakani da Allah yana da hujja, kifi in ya narke kunya ce gaban surukai.

A zaure Baba ya same shi, riga sharkaf.

"Labbo, kifin bikin ɗiyata kaka so shi ruɓe?"

"Ban ce shi ruɓe ba, Alhaji. Wuta nika roƙo."

"In na tura, mi za ni ba surukai? Wari?"

Ana cikin haka Sadisu, ɗan Inna, ya shigo yana haki, ya ce injin ya fara tsayawa yana tashi, leɓen tsohuwa ya sauya. Alhaji ya kafe ido a ƙasa, bai motsa ba.

Baba ya matsa kusa da shi. "Ka ba ni kifin, a yi banda. Wanda ya lalace, ni za ni tsaya gaban surukanka in ce ni ne."

Sai Alhaji ya miƙe, ya shiga ciki, ya mayar da layi da hannunsa. Munka ruga akwati, fitila ta koma koriya.

Kulsumi 'yar masunta ce daga Gulma. Fushin zoɓo bai huce ba, amma ta ɗaura zani ta kira matan layi. Itace duk ya jiƙe, sai bencin majalisarmu anka fasa, Allah ya jiƙan benci. Zauren Alhaji ya turnuƙe da hayaƙi har magariba. Rana ba ta fito ba sai washegari da azahar, injin kuma bai sake tsayawa ba.

Kifi biyu sun lalace. Ranar biki Baba ya sa wankakkiyar rigarsa, ya tsaya gaban surukai ya faɗa da bakinsa. Babbansu ya ce a ƙaro bandar dai.

Baba Labbo, kai ne mai fara kashe wutar gidanka kafin ka ƙwanƙwasa ƙofar wani. Kai ne ka sa wutar mutum ta san hanyar gidan maƙwabcinsa. Mun tsokane ka shekara da shekaru, yau mun cire hula. Mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya, ya saka da alheri.

Ku kuma masu farantai a kan kwano, daga Birnin Kebbi har Argungu, ku leƙa bayan katanga ku ga wa ke cikin duhu, waya ba ta da nauyi. Inna Riskuwa tana nan da ranta. Ko ɗazu sai da ta zage ni tas don na wuce ban gaishe ta ba, kuma numfashi ɗaya ta yi zagin.