Rigar Sanyin da Aka Saƙa a Ɗakin Takaba

A daminar shekarar da na gama aji uku a lakwal, wato makarantar boko, wata Laraba da hantsi, ina tsaye a tsakiyar ɗakin Inna na ware hannuwa, ita kuwa tana auna kafaɗuna da yatsunta. Ruwa ya ɗauke ke nan. Ta 'yar tagar ɗakin ina jiyo 'yan unguwarmu a lungu suna tsallen igiya, ƙawata Asta tana ƙwala mini kira har ta gaji ta bari. Inna ta auna, ta girgiza kai, ta kama bakin zare ta ja. Saƙar kwana da kwanaki ta warware a kan idona. Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu.

Babana direba ne, yana ɗauko bandar kifi daga Lagdo ya kawo kasuwar Garwa. Motarsu ta kife kusa da Ngong, gawarsa aka dawo mana da ita. Inna ta shiga takaba, Kaka mahaifiyar Baba kuwa ta yanke hukunci cewa mai takaba ba a barinta ita kaɗai, kuma ni ce 'yar zaman ɗaki. Shi ke nan dogon hutuna ya tafi. Sauran yaran gida suna bin Baffa gonar masara, suna kamun shinge bayan ruwa, suna dawowa da laka har gwiwa, ni kuwa iyakata bakin rijiya da madafa. In ɗebo ruwa, in kawo tuwo, in fitar da kwano, in koma in zauna a gefen gadon ƙarfe ina kallon Inna cikin zaninta ɗaya da ya koɗe, ba kwalli ba lalle. Na haddace duk tsagar da ke bangon ɗakin nan.

Maƙwabciyarmu Maman Rahila ce ta kawo kwarashi, wato 'yar ƙugiyar ƙarfen nan ta saƙa, da ragowar zaren ulu kala-kala a leda. Kirista ce 'yar mutanen kan dutse, tana sayar da huluna da safar jarirai a kasuwa, Hausarta kuwa a cakuɗe take da Fulatanci da Faransanci. "Riƙe wannan, kar tunani ya kashe ki," ta ce wa Inna. Ta nuna mata yadda ake naɗa zare a yatsa, a fara da sarƙa, a hau kanta da gajeren ɗauri, sannan dogo. Cikin mako guda hannun Inna ya faɗa. Sai ta ce rigar sanyi za ta saƙa mini. Rigar sanyi a Garwa, garin da ko kare ba ya yawo da azahar! Har Kaka sai da ta yi dariya.

Abin bai tsaya nan ba, ni ma dole na koya. Inna da ba ta taɓa ɗaga mini hannu ba ta zama mai zafi: in na tsallake ido ɗaya, sai in ji kwarashi a bayan yatsuna. "Warware ki sake," ita ce maganar da na fi ji a watannin nan. Ita ma haka take yi wa nata aikin. Ta saƙa, ta kara a jikina, rigar ta zauna ɗas, amma sai ta warware ta ƙara faɗi. Zaren har ya yi lanƙwasa-lanƙwasa saboda wahala. Na ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa mata kai, kullum addu'ata Allah Ya kawo ƙarshen takabar nan in fita in sha iska.

Wata rana na kasa haƙuri, na kai ƙara wajen Maman Rahila a gaban Inna, na ce rigar har gwiwata take kaiwa, hannayen sun rufe yatsuna. Maman Rahila ta dube ni, ta dubi Inna, ta ce, "Kai! Ba ku faɗa mata ba?" Inna ta sunkuyar da kai. A ranar na san abin da kowa a gidan ya sani: in takaba ta ƙare, 'yan'uwan Inna za su zo su mayar da ita gidansu a Mayo-Ulo, ni kuwa 'yar gidan ubana ce, ba inda za ni. Ƙofar da nake roƙon a buɗe, ta nan Inna za ta fita ta bar ni. Daga ranar na daina leƙen taga. Na matso kusa da ita na riƙe mata zare, ina fatan a yi ta warwarewa, kada rigar ta ƙare.

Rigar ta ƙare, takabar ma ta ƙare. Inna ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ninke rigar ta ɗora mini a hannu tare da kwarashin, ta hau mota ba ta waiwayo ba. Ba a jima ba aka yi mata aure a ƙetaren iyaka. Duk hutu in roƙi Baffa ya kai ni, ya ce sai hutu mai zuwa. Sai da na zama budurwa, rasuwar Kaka ta kawo Inna Garwa gaisuwa. Na ɗauko rigar daga ƙasan akwati na sa cikin zafin nan, gumi na zuba. Ta zauna mini cif. Inna ta dafa kafaɗuna da yatsun nan nata, ta ce, "Daidai na auna."

Yanzu ni nake koya wa yara saƙa a tsakar gidana, rabin saƙar a waya suke gani, in sun gaji su tashi abinsu ba mai hana su. Gidanmu na da an rushe shi an yi shaguna, Inna ma ta riga mu gidan gaskiya. Na shiga ɗakuna masu faɗi da iska a rayuwata, amma da za a ba ni zaɓi, wancan ƙuntataccen ɗakin zan koma. A cikinsa na yi zamana na ƙarshe da uwata.